Hancin Aro

Ƙarar ludayi ce ta fara tona ni. Ina zaune kan kujera 'yar tsugunno a kicin ɗinmu na bayan gida, rana tsaka, ina juya miyar kuka, sai na ji ƙwal a kan siminti. Na buɗe ido na ga ludayi a ƙasa, miya ta fantsama a zanina, ga maigida tsaye a kaina riƙe da buta. Ban san lokacin da ya shigo ba. Ban ma san na rufe ido ba.

"Barci kike yi a gaban wuta?" ya ce.

"Tunani nake yi."

"To tunanin naki da sauti yake fita."

Bari in faɗi abin tun yanzu, tunda yau bakina yana iya faɗa: ina minshari. Ba irin ɗan siririn nan na wanda ya wuni yana aiki ba, minshari na sosai, mai hawa da sauka. A inda na tashi mace ba ta minshari, in ma tana yi ba a faɗa. A Agege ta Legas kuwa bango ba ya riƙe sirrin kowa. Gidan hayarmu irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka yi masa addu'a daga ɗakinka.

Mai gidan hayar wata dattijuwa ce, kowa Iya yake ce mata. Bahaushiya ce haifaffiyar Legas, kakanta soja ne tun zamanin Turawa, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinta. Washegarin tarewarmu, ina sunkuye a bakin famfo, ta fito da asuwaki a baki ta tsaya a tsakar gida.

"Wa ya shigo mini da janareta gida bai faɗa mini ba?"

Na ƙara sunkuyar da kai har ina ganin fuskata a cikin bokiti. Maigida yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi kasuwar Iddo, inda yake sayar da wake. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Ni ne, Iya, a yi haƙuri. Gado ne, haka mahaifina yake yi."

Allah Ya jiƙan surukina, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi.

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Yaran gidan suna ce masa Oga Janareta, sunan ya fita waje ya shiga masallacin unguwa, har ya hau danfo, motar haya, ya isa kasuwa. In ya yi hamma a shago sai abokansa su ce a kawo fetur. Shi dai dariya yake yi. Ni kuma ban taɓa gyara zancen ba, sai dai in ƙara masa tsoka a miya, shi ma ya ci bai tambayi dalili ba. Haka muka zauna shekaru, muka haifi 'ya'ya a kai, har auta ta zo, yarinya mai ido kamar na mage.

Daga baya abin ya daina zama na dariya. In tashi da asuba kaina kamar an ɗora mini turmi. In zauna tahiya sai in ji goshina ya kusa taɓa sallaya. Na taɓa shiga danfo zan sauka kusa da gida, sai kwandasta ne ya tashe ni a tasha ta ƙarshe, yana tambaya ko nan zan kwana. Duk waɗannan na ɓoye su. Ludayin ne ban iya ɓoyewa ba, don a kan idonsa ya faɗi, kuma wuta tana ci a gabana.

Ya kai ni asibiti. Aka sa na kwana a can, an manna mini wayoyi a kai da ƙirji kamar rediyon da ake gyara. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce in na yi barci maƙogwarona yana rufewa, numfashina ya tsaya, sai jiki ya firgita ya fizgo shi, haka ake ta yi har gari ya waye. Ta ce shi ya sa ba na ƙoshi da barci, shi ya sa jinina yake hawa, kuma zuciya ba za ta yi ta ɗaukar wannan wahala har abada ba. Maganin wani ɗan inji ne mai hura iska a hankali ta cikin tiyo zuwa hanci, don hanya ta zauna a buɗe. Injin mun samu, ta saita shi da hannunta.

"Saura abin da za ki ɗaura a hanci," ta ce. "Wannan kam sai kin je an auna ki, kin gwada. In bai zauna daidai ba, injin aikin banza yake yi."

Na tambaye ta sunan abin da Hausa. Ta ɗan yi tunani ta ce takunkumi. A garinmu ɗan maraƙi ake sa wa takunkumi don kada ya shanye nono, amma tun zuwan korona kalmar ta dawo kan mutane, sai na haɗiye na karɓa.

Kwali ba ya shiga gidanmu Iya ba ta gani ba. Ta tare maigida a zaure ta sa ya yi mata bayani, ya yi, ba tare da ya ce na wane ne ba.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe zan yi barci kafin in mutu. Ɗan ƙanwata yana da shagon kayan asibiti a Yaba, gobe ni zan kai ku. Iyawo, ke ma ki shirya, ki ga yadda ake ɗaura masa."

Iyawo take ce mini, wato amarya da Yarabanci, ko da yake babban ɗana ya fi ni tsawo.

A hanya na shirya maganata tsaf. Da mun shiga zan ja yaron shagon gefe in faɗa masa a hankali. Sai muka tarar shagon ba shi da gefe. Ɗan ɗaki ne cike da kekunan marasa lafiya da sanduna, ga maza uku a kan benci suna jiran a kawo musu kaya, ɗaya ma da hular da ta nuna ɗan arewa ne. Iya ta shiga da sallama, ta gaisa da ɗan ƙanwarta da Yarabanci, sannan ta kama hannun rigar maigida ta ja shi zuwa kujera.

"Ga mai aikin nan. Auna shi da kyau, ya hana unguwa barci."

Mazan benci suka yi dariya. Maigida ya kalle ni. Kallon yana cewa, ga hanya, ki yi magana. Ni kuma na tsaya ina kallon tayil ɗin ƙasa kamar ni aka aiko in duba aikin birkila. Da ya ga haka sai ya cire hularsa, ya ɗora a gwiwa, ya zauna.

Yaron ya ɗauko wani ɗan kwali mai huda-huda ya kara a hancinsa. Maigida mutum ne mai hanci, ma sha Allah, irin wanda yake riga mai shi shiga ɗaki. Aka kara ƙaramar huda, ba ta ko kusa ba. Aka kara ta tsakiya, ta tsaya a hanya. Sai babbar.

"Oga, da baki kake numfashi in kana barci ko da hanci?"

Maigida ya sake kallona ta gefen ido. "Da hanci take... da hanci nake yi."

"Wane gefe kake kwanciya?"

"Dama. Da hannu a ƙarƙashin kunci."

Duk amsoshin nawa ne, hancin ne kawai nasa. Aka ɗaura masa wani takunkumi mai rufe hanci kamar murfin buta, da igiyoyi ta bayan kai. Ya zauna masa ɗas. Yaron ya ce bai taɓa ganin wanda abin ya karɓa haka ba. Iya ta ce ya yi kama da matuƙin jirgin sama. Ɗan arewan nan na kan benci har da yi masa addu'ar Allah Ya sa kaffara ne, maigida ya amsa da amin ta cikin roba. Aka naɗe mana, aka ce in an buɗe an yi amfani da shi ba a dawowa da shi.

A danfo Iya ta zauna a tsakaninmu har gida.

Likita ta ce in fara sabawa da shi da rana. Bayan azahar na kulle ƙofa, na sauke labule, na ɗaura. Abin ya rufe mini hanci da leɓen sama, ya haura har kusa da ido. Maigida ya kunna injin. Iska ta shigo, ta duba ta ga wuri a buɗe ta ko'ina, sai ta kama gabanta. Wata ta fita ta gefen kunci tana fito, wata ta haura tana hura mini ido har hawaye. Na buɗe baki zan ce masa ya kashe, sai iskar ta fito ta bakina da wata irin ƙara, maganar ta watse. Ya juya baya yana gyaran labulen da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa.

Ban karaya ba. Na cusa auduga a gefe-gefe. Na naɗa tsohon ɗankwali a ƙarƙashin igiyar. Da duk suka ƙi, sai na koma ɗaure igiyoyin tamau har kaina yana sarawa. Fiton ya ragu, bai daina ba, kuma can cikin barci sai in fizge abin in jefar ban sani ba. Da safe in tashi da layi biyu a kumatu kamar an yi mini tsaga. Na koma fita tsakar gida da hijabi ja har kan hanci, ina cewa mura nake yi. Barcin rana kuwa yana nan inda yake.

Wata safiya maigida yana shan koko ya ajiye kofin ya ce, "Maman yara, mu koma shagon nan."

"Da wane bakin? Mu ce hancinka ya motse?"

"Mu ce naki ne."

"Alhaji, a gaban mutane?"

Ya juya cokali a cikin kofin. Sannan ya ce, "Sunan da suke kirana da shi bai taɓa damuna ba, ko a kabarina aka rubuta shi. Minsharin ma ba ya hana ni barci, na saba. Shirun ne yake hana ni. In kika yi shiru sai in tashi zaune ina kallon ƙirjinki, ina jiran ya motsa. Hanci na ara miki, amma numfashi ba ya aruwa."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Kokon nawa ya huce a gabana ban sha ba.

Ranar da hantsi ina shanya, iska ta ɗaga hijabin, Iya kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinke ganyen lalo, wanda suke ce wa ewedu. Ta dube ni ta dube ni.

"Iyawo, zo nan. Yaushe aka yi miki tsagar Yarabawan Ogbomosho?"

"Matashi ne ya kwanta mini, Iya."

"Matashi mai igiya biyu." Ta matsa mini a kan tabarma. "Zauna. Mijinki aka sayo wa takunkumi, fuskarki ce take fitar da shaida. Wannan wace irin soyayya ce?"

Sai na kama tsinke mata ganye.

"Ke kina ganin ban sani ba? Duk shekara mutumin nan yana tafiya arewa sarin wake, ya yi makonni. Janareta kuwa bai taɓa hutu ba. Ko ta waya yake aiko da shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Iya, kin sani tun da can?"

"Tun tafiyarsa ta farko. Duk gidan nan an sani, har mai kawo ruwa."

"To me ya sa kika zaunar da shi a kujera?"

"Ga maza a benci, so kike in nuna ki da yatsa? Na ce in na ja shi, ke za ki raɗa wa yaron a kunne, ko shi ya raɗa. Sai kuka tsaya, ke kina kallon ƙasa, shi yana miƙa hanci. Ni ina rufa miki asiri, shi yana rufa miki asiri, ke kina rufa wa kanki, har aka zo aka rufe hancin da ba shi da laifi." Ta watsa ganye a kwano. "Na yi ta jira ku koma da kanku. Gobe ki shirya."

Na yi dariya har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Washegari mu biyu muka tafi. Bencin nan dai da mutane a kai, kamar haya suke biya. Iya ta buɗe baki za ta yi magana, na riƙe mata hannu. Tun daga gida na yi ta karanta addu'ar buɗe ƙirji da warware harshe, ban so ta tafi a banza.

"Takunkumin da muka saya," na ce, "ba na maigida ba ne. Nawa ne. Ni ce mai minsharin."

Na jira a yi dariya. Ɗaya daga mazan yana danna waya, ɗayan yana gyangyaɗi. Yaron shagon bai ko ɗaga gira ba.

"To Madam, zauna," ya ce. "Mata da yawa suna zuwa." Ya ƙwala wa wata ma'aikaciyarsu kira daga ciki.

Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan magana a kai kamar tulu, ashe ko juyowa ba za a yi ba. Har na ɗan ji haushi.

Matar ta shigar da ni bayan labule, inda akwai ɗan gado. Ta kara kwalin nan a hancina, ƙaramar huda ta shige ba gardama. Ta kawo kala uku. Na farko mai rufe hanci da baki gaba ɗaya ne, ina sa shi na ji kamar an kifa mini kwano, na ce a cire. Na biyu ba ya rufe komai, wasu 'yan robobi ne guda biyu masu laushi kamar kan fidar jarirai, suna zama a ƙofar hanci. Shi ya fi sauƙi, na so shi ƙwarai, amma da aka kunna inji sai na ji iskar tana harbina kai tsaye, ga shi yana danne hudar ɗan hancina. Na uku irin na maigida ne, amma ɗan ƙarami.

"Kada ki zaɓa a zaune," matar ta ce. "Ba a zaune za ki yi barci ba. Kwanta yadda kika saba."

Na kwanta a dama, na sa hannu a ƙarƙashin kunci. Ta sassauta igiyoyin har na ce ai zai faɗi. Ta ce ba a ɗaure shi kamar kayan da za a ɗora a mota, iskar ce da kanta take manna shi. Ta kunna. Na saurari fito, ban ji ba. Na jira iska a ido, babu. Sai wani sanyi siriri yana shiga yana sauka har ƙirji. Na juya hagu, na dawo dama, yana nan.

Abu ɗaya ya rage, igiyar sama ta ƙi zama, tana ta zamewa. Matar ta taɓa kaina ta cikin ɗankwali.

"Shuku ne?"

"Shuku ne."

"Sai dai ki koma kitson da yake kwanciya baya."

Iya ta leƙo ta labule. "Shekarunki ma sun wuce shuku."

Ban amsa ba, don an ce kada in buɗe baki in inji yana aiki. Ashe ban amsa ba ne don barci ya ɗauke ni. Iya ta ce sai da suka bar ni na ɗan jima, ita da matar suna hira a kaina, ba abin da ke tashi sai numfashi. Da ta tashe ni cewa ta yi, "Tashi, Iyawo, ba masauki ba ne."

Sabo bai zo rana ɗaya ba. Na koyi yin addu'o'in barci duka kafin in ɗaura, don in na ɗaura ko amin ba ta fita daidai. Na koyi wanke robar kowace safiya in shanya a inuwa, a kan igiyar tsakar gida, inda kowa yake gani. Maigida ya haɗa wa injin batir saboda ɗauke wuta. Babban takunkumin yana cikin kabat, ya ce a ajiye, wai ba a san abin da tsufa zai zo da shi ba. Sunansa kuwa bai canja ba, har yau Oga Janareta ne a masallaci, ya ce ya riga ya saba, in aka kira sunansa na yanka ba ya waiwayawa.

Abin da ban zata ba shi ne yadda rana take da tsawo. Ashe tsakanin azahar da la'asar akwai lokaci mai yawa haka, kuma ashe abubuwa suna faruwa a cikinsa. Na gano dalilin da sukari ba ya kai ƙarshen wata. Na gano wanda yake cinye mini cajin waya. Na gano cewa wankin da nake cewa a yi, jiƙa shi kawai ake yi a shanya.

Wata rana bayan azahar ina kishingiɗe a kan tabarma ina jan carbi, idona a lumshe. Sai na ji motsi a wajen kabat. Auta ce, ta taka kujera, ta sauko da gwangwanin madarar gari, ta buɗe shi a hankali da gwanintar wanda ya daɗe a sana'a. Ta cika cokali, ta kai baki.

"A ci lafiya," na ce.

Ta daskare, kumatu cike, gari a haɓa. Ta dube ni, ta dubi injin da ke kan durowa, ta sake dubana. Sai da ta haɗiye da ƙyar sannan ta sauko daga kujerar, ta zo ta tsuguna a gabana, ta dafa gwiwata kamar mai ba da shawara.

"Umma," ta ce, "ki ɗan riƙa yin barcin nan naki mana. Tun da aka kawo injin nan mutum ba ya samun sukuni a gidan nan."